Waya Ɗaya Ce a Gidan Nan

Unguwar Reluwe,
Kafanchan.
8 ga Satumba, 1998.

Zuwa ga maigidana Azubuike,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ka sauka Holan lafiya, kuma sanyin da aka yi ta tsorata mu da shi bai fara shiga ƙashinka ba. Yaya karatu, yaya baƙunta? Mu nan lafiya lau, godiya ga Ubangiji. Mahaifiyarka na tsaye a kaina yanzu haka tana cewa, "Rubuta masa ya sa rigan sanyi. Rubuta masa kuma wannan abu da ya bari yana kuka kamar akuya da aka taka wa wuya." To, na rubuta. Na sauke nauyi.

Na san za ka yi mamakin ganin ambulan da kan sarki, bayan doguwar laccar da ka yi mini cewa zamanin kan sarki ya wuce. Ka ce kullum za ka aiko da saƙo ta intanet, in sha shayi in karanta. Shayin dai ina sha.

Ga abin da ke faruwa, Injiniya. Ina bin takardar da ka manna a bango layi-layi, kamar ɗalibar da ke tsoron bulala. In kunna kwamfuta, in kunna ƙaramin akwatin nan mai fitilu da ka ce sunansa modem, in danna inda ka ce. Sai in ji tana buga lambar kamfanin Kaduna, ƙat-ƙat-ƙat. Sai kukan da Mama ta kwatanta, kuma ba ta yi ƙari ba. Daidai lokacin da zuciyata ta fara cewa yau dai an dace, sai ɗif. Rubutu ya fito cewa an katse. Wa ya katse, ba ta faɗa. Kullum na dawo daga makaranta da la'asar sai na gwada sau biyar ko shida. Ranar da ka gwada a gabanmu, kafin ka tafi, bugu ɗaya ta shiga. Ina ganin ta san mai ita.

Na kira kamfanin. Wani saurayi mai murya kamar mai karanta labarai ya tabbatar mini cewa a wajensu komai daidai yake. Na taya shi murna.

Daga nan na ɗauko Ɗan'auta, dattijon nan mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya zo da jakarsa, ya yi wa kwamfutar sallama kamar surukarsa. Ya hure mata ƙura, ya sunsuna bayanta, ya zare kowace waya ya mayar. Sannan ya ce, "Malama Larai, wannan ciwo ba na jiki ba ne, na layi ne. Akwai wani tarho a gidan?" Na ce ni baƙuwa ce, wata guda ke nan da na taso daga kwatas ɗin malamai na dawo wajen Mama, bari in tambaya. Mama ta dube mu ta ce, "Waya ɗaya ne a gidan nan." Ta koma kan tsinken shinkafarta.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Shekaranjiya, a tsakiyar kukan, na rantse na ji muryar mace ta ce a'uzu billahi. Ni da na yi shekara huɗu a Zariya ina karanta kimiyya ban so in faɗa wa kowa ba, amma na faɗa wa Ɗan'auta. Ko a jikinsa. Ya ce layukan garin nan haka suke cuɗanya idan damina ta yi nisa. Shi ma ya taɓa kiran ƙanensa a Jos, ya ƙare da jin farashin citta a Kwoi, kuma ya amfana.

Saboda haka kada ka damu idan ba ka ji amsa ba. Na san saƙonninka na can jibge a Kaduna kamar buhunan masara a tasha, suna jiran mota. Yau kwana goma sha bakwai da tafiyarka. Ba wai ƙirgawa nake yi ba, kalandar coci ce ke rataye a gaban teburin.

Mama na gaishe ka. Maƙwabciyarmu Hajiya Raliya ta dawo daga bikin Kagarko tun washegarin tafiyarka, ta ji haushin rashin sallama, ta ce a ja maka kunne. Ubangiji ya tsare mini kai.

Taka,
Larai.


Unguwar Reluwe,
Kafanchan.
25 ga Satumba, 1998.

Zubi,

Ina gaishe ka, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ina faɗin haka da gaske, domin ba ni da wata hanyar sani. Mu muna nan. Gwiwar Mama ta ɗan matsa mata, amma tana tafiya.

An samu ci gaba: yanzu kwamfuta ta daina kuka. Tarhon ma ya daina. Kwana tara ke nan idan na ɗaga babu ƙugin layi, babu komai, sai wani irin shiru mai zurfi, kamar ka kara kunne a bakin tulu. Ba a kira, ba a kiranmu.

Na je ofishin waya, suka turo mutum biyu. Suka duba a kan falwaya suka ce layi na da rai, yana nuna an ɗaga kan tarho a gidanmu ba a mayar ba. Na kawo su falo na nuna musu tarhon zaune a mazauninsa kamar alƙali. Suka dube shi, ya dube su. Ɗayansu ya so ya bi wayar ta bayan kabad ɗin kwanuka, amma Mama ta riga ta dasa kujerarta a wurin, ta ce gwiwa ba za ta bar ta ta tashi ba. Ta cika su da doya da miya har suka manta abin da ya kawo su. Sun ce za su dawo. Gwiwar nan kuwa abin nazari ce. Ba ta iya matsawa taku biyu saboda ma'aikata, amma kwanan nan kullum da sassafe sai ta kai Mama gidan Hajiya Raliya kafin a ɗora ruwan shayi.

Ranar Lahadi bayan sujada Magdalene ta zumuntar mata ta tare ni a bakin ƙofa. Ta riƙe hannuna da hannu biyu, irin riƙon da ake yi a gidan makoki. "Har yanzu shiru? Kai, sannu. Haka ɗan yayata ya yi da ya je Jamus. Wata uku shiru, sai hoto, shi da wata doguwa. Amma naki ba zai yi ba, muna addu'a." Na gode mata. Na ce ta ƙara da kwamfuta a cikin addu'ar.

A gabanta na yi dariya. A nan kan takarda bari in faɗa maka gaskiya, tunda kafin ka karanta ta tsufa.

Ɗan'auta ya ce in shiga mota in je Kaduna, kamfanin za su buɗe mini akwatin saƙona a can in gani da idona. Na ce masa wahalar mai, na ce jarrabawar ɗalibai. Duk gaskiya ne, kuma duk ba shi ne dalili ba. Dalilin shi ne, muddin kwamfutar nan ba ta aiki, laifin kwamfuta ne. Idan na je Kaduna, saurayin nan mai daɗin murya ya buɗe akwati ya ce, "Madam, babu komai," to laifin wa zan ce? A wace mota zan dawo da wannan?

Kwana talatin da huɗu, Zubi. Ko ka ɗauka intanet na aiki, mutumin da bai ji amsa ba ai yakan nemi takarda da biro. Kullum ina biyawa ta gidan waya. Mai ba da wasiƙu ya daina jira in tambaya, daga nesa yake girgiza kai.

Lokacin da za mu yi aure, kawuna a Madakiya ya ce mutanen reluwe ba su da gari, inda jirgi ya tsaya nan ne gida. Na ce masa a Kafanchan aka binne cibiyarka, Hausarka ta fi tasa. Ba na so ya zama shi ne ya yi gaskiya. Idan akwai abin da ya kamata in sani, ka rubuto shi a fili. Ni malamar kimiyya ce, na saba da sakamakon da ban so ba.

Mama na gaishe ka. Ba ta san abin da na rubuta ba.

Matarka,
Larai.


Unguwar Reluwe,
Kafanchan.
8 ga Oktoba, 1998.

Zuwa ga maigidana, abin ƙaunata,

Gaisuwa da murna. Ba sai na tambayi lafiyarka ba, na sani: kana tari, ka rame, kuma kekenka ya faɗa da kai a gefen kwata sau biyu. Sannu. Mu nan lafiya ƙalau muke, kamar yadda na faɗa maka jiya a layi biyu. Cikakken labarin ya fi ƙarfin yatsuna biyu da nake dannawa da su, shi ya sa na koma ga biro.

Jiya Laraba na dawo daga makaranta, Mama ba ta nan. Na ɗaga tarho don sabo kawai, yadda mutum ke taɓa haƙorin da ke ciwo. Maimakon shirun tulu sai na ji magana, tas, kamar a ɗaki ɗaya muke. Muryar mahaifiyarka ce.

"Yarinyan ya rame, Raliya. Jiya na dafa masa miyan agushi, ya taɓa kawai ya tashi. Idan Zubi ya yi wannan abu da gangan, ni da kaina zan cire masa kunne."

Sai Hajiya ta ce, "Haba Uloma, yaron da na goya a bayana? Ba zai yi ba. Ki bar ta ta yi ta fama da na'urarta, ya fi mata zaman tunani."

Na tsaya da tarho a kunne, ina kallon bangon da ya raba gidanmu da na Hajiya. Daga nan na gyara murya, cikin ladabi na ce, "Mama, ina wuni? Hajiya, ina wuni?"

Ɗaya ta ce jinin Yesu, ɗaya ta ce innalillahi, a tare, sannan wani kwano ya faɗi.

Na janye kabad ɗin kwanuka. Ga ta nan: siririyar waya ta rabu daga tamu, ta shige wani rami a ƙasan taga, ta bi gindin katanga, an shafe ta da fenti kalar bango. Na bi ta har ɗakin Hajiya. Na same su zaune a bakin gado kamar ɗalibai biyu da aka kama da takardar satar amsa. A tsakaninsu ga wani tsohon baƙin tarho irin na ofishin tasha, kansa a yashe kan katifa.

Ban sani ba ko ka san wannan ka manta, ko ba a taɓa faɗa maka ba. Wannan shari'ar tana jiran ranar dawowarka. Sun ce bayan rikicin watan Maris na tamanin da bakwai, lokacin kana makaranta, marigayi Papa, mahaifinka, ya zauna da marigayi Alhaji, mijin Hajiya. A kwanakin nan kowane gida ya ɓoye mutanen ɗayan, ya danganta da ɓangaren masu tarzomar da suka shigo unguwar. Papa, da yake aikin sigina ya yi a reluwe, ya ce ba zai sake yarda sai an tsallaka titi ko katanga kafin maƙwabci ya ji halin maƙwabci ba. Ya ja waya da hannunsa, bai gaya wa ofishi ba. Idan aka ƙwanƙwasa mazaunin tarho a nan, na can sai ya yi ƙiris-ƙiris. Mazan sun tafi, matan suka gaji abin. Shekara goma sha ɗaya, kowace safiya Mama ta ƙwanƙwasa sau biyu, Hajiya ta ɗaga ta ce an tashi lafiya.

Sai ga kwamfutarka da ƙat-ƙat-ƙat ɗinta. Duk bugun da na yi, tarhon Hajiya na ƙara. Baiwar Allah ta taso da gudu, a zatonta wani abu ya samu Uloma, ta ɗaga, akuya ta yi mata ihu a kunne, ta nemi tsari, ni kuma a nan a ce mini an katse. Ranar da ka gwada ta yi aiki kuwa, Hajiya na Kagarko tana cin shinkafar biki. Da abin ya ishe ta, don daidai sallar la'asar nake tashinta, sai ta cire kan tarhon ta sa a kwalla ta rufe da murfi. Tulun da na yi mako uku ina saurare ke nan. Jiya ne kawai ta buƙaci kwallarta za ta jiƙa gero, ta yar da kan tarhon a kan katifa.

Na ce, "Mama, ai na tambaye ki."

Ta ce, "Ka ce a gidan nan. A gidan nan ɗaya ne. Ni dattijuwan coci ne, ba na ƙarya."

Na ce to me ya hana ta faɗa mini sauran. Ta shiga murza bakin zanenta. Ashe ita a ganinta kwamfuta ce ke damun tarhon Hajiya, bai taɓa zo mata cewa tarhon Hajiya ne ke hana ɗanta magana ba. Ta ce, "Na ji tsoro za ka ce a yanke. Ku masu digiri, abin da ba ya cikin takarda, yankewa kuke yi." Hajiya ta ce, "'Yata, ki yi haƙuri. Tsufa ne da tsoro." Na nemi abin ba'a da zan faɗa, ban samu ba. Ka rubuta ranar.

Na mayar da kan tarhon mazauninsa, na ce su biyun su biyo ni, don in tabbatar babu hannun da zai ɗaga komai. Suka zauna a bayana a kan benci. Na kunna. Ta buga, ta yi kukanta, Hajiya ta ce, "Shi ne, wallahi shi ne." Sai kukan ya sauya, ya yi laushi, ya ɗauke. Fitilu suka tsaya kore. 

Arba'in da ɗaya, Zubi. Suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, Mama na ƙirgawa da ƙarfi da Ibo, Hajiya na cewa masha Allah a kan kowanne.

Na karanta su a jere, kamar mai duba littafin ɗalibi daga farkon zango. Goman farko duk fahariya ce: kekuna, madara, jirgin ƙasa da ke zuwa a kan minti. Daga na sha biyar ka fara ƙorafi. A na ashirin da uku ka rubuta cewa idan na sake tunani ne game da auren in faɗa maka a fili, kai injiniya ne, za ka iya ɗauka. A nan na yi dariya har Mama ta tambaya ko hoto ne. Daga na talatin babu fushi kuma, sai tsoro: ka buga waya sau ashirin layi a cike, ka aiko wasiƙa ba amsa (har yau ba ta iso nan ba, tawa ta farko ma ba ta iso ka ba), kana bin rediyo ko za a ambaci Kafanchan. Na ƙarshe, na shekaranjiya, shi ya tsayar mini da dariya. Ka ajiye karatu, ka kama kujera a jirgin Asabar.

Kwana uku ya rage. Da Hajiya ba ta yi sha'awar kunu ba, da ka zubar da abin da ka yi shekara shida kana nema, ka sauka a Kano da jaka, ka zo ka tarar da ni ina jayayya da akwati. Nan take na danna maka abin da ka gani: muna lafiya, laifin waya ne, zauna ka yi karatunka. Yau kafin in tafi makaranta na samu amsarka, cewa ka kwance jaka ka yi barcin awa goma sha ɗaya. Madalla. Ka sayi maganin tarin.

Wayar Papa tana nan, babu mai yanke ta. Mun yi yarjejeniya: kafin in kunna kwamfuta zan ƙwanƙwasa sau uku, Hajiya ta san ni ce, ta bar shi ya yi ta ƙara. Biyu na gaisuwar safe ne. Da Hajiya ta tafi, Mama ta kama yatsana ta ɗora a kan mazaunin tarhon, ta nuna mini ɗayan bugun, wanda ba a tsayawa, na ranar da ba a fata. Ta ce ba su taɓa amfani da shi ba, amma tunda ni 'yar gida ce gara in sani.

Akwai wata wasiƙa tawa a hanya, mai kwanan wata ashirin da biyar ga Satumba. Da ina da iko da na tare ta a Legas. Idan ta iso ka karanta, ba zan ce ƙarya na rubuta ba. Sai dai ka ajiye ta kusa da saƙonka na ashirin da uku, su zauna tare, sun dace da juna.

Sauran abu ɗaya, kuma ba zan maimaita shi ba ko ka tambaya. Da na gama karantawa jiya, na roƙi tsofaffin nan su ba ni wuri. Suka fita ba musu, Hajiya ta ja mini ƙofa a hankali. Abin da na yi bayan nan ba na kimiyya ba ne, kuma ya ɗauki lokaci. Da na fito na cinye miyar agushin nan har da suɗe kwano.

Mama na gaishe ka, ta ce kunnenka ya tsira. Hajiya na gaishe ka. Ƙarfe huɗu ake rufe gidan waya, ga shi saura kwata, bari in ja ƙofa in kama hanya. Yau ina so in ga fuskar mai ba da wasiƙu idan na shiga ban tambaye shi komai ba.

Ubangiji ya kiyaye ka, ya dawo mini da kai a lokacin da ya dace, ba kafin nan ba.

Taka har kullum,
Larai.